Abin da Dunne Ta Ce Ba Ta Tuna Ba

Gidana da na Dunne shinge ɗaya ne ya raba su, shi ma kajina sun daɗe da huda shi. Ni Lulle giya nake dafawa, ita kuwa magani take yi. Tun ranar da aka kawo ni ƙauyen Fenhal ina amarya na tarar da ita a wurin, kuma ina cikin waɗanda suka raka ta makwancinta. Abin da zan faɗa a kanta, wani da idona na gani, wani kuma ita ta gaya min da bakinta muna ɓarar wake.

'Yar masunci ce, a tsakiyar fadama aka haife ta. Uwarta ta mutu tana goye, sai kakarta Tibba ta raine ta, kuma a hannun tsohuwar ta koyi duk abin da ta sani. Ta san ganyen da ake tsinka kafin rana ta fito da wanda ƙarfe ba ya taɓawa. Ta san waƙar tsayar da jini, da ta kiran zuma in sun tashi gudu, da ta mace mai naƙuda. Ta kuma san haruffan runa, rubutun kakanninmu da ake sassaƙawa da wuƙa a jikin itace ko ƙashi, wanda a lokacin masu iya karanta shi sun kusa ƙarewa a yankinmu. Ta auri wani mai yankan ciyawar jinka, zazzaɓin fadama ya ɗauke shi suna da ƙuruciya. 'Yarta ɗaya da ta rayu aure ya kai ta nesa. Dunne ba ta ƙara aure ba. In an yi mata zancen sai ta ce, "Wane namiji ne zai kwana a ɗakin da ke warin tafarnuwa da matsarmamar shanu?"

Gajeriya ce mai ƙiba, da murya kamar ta mai kiran shanu. Majinyaci kan fara jin sauƙi tun tana ƙofa, don da faɗa take shigowa.

"Kai Dudda, tashi! Wannan ne ciwon da aka hana ni cin abinci saboda shi? Matarka ta haifa maka 'ya'ya ba ta yi rabin wannan nishi ba."

Aikin da ta fi suna da shi shi ne maganin harbin aljanu. Mutum yana cikin noma sai ya ji abu ya soke shi a haƙarƙari, ba rauni ba jini. Kowa ya san mutanen tsaunuka da na cikin kurmi ne suka sako masa 'yar kibiyarsu. Dunne takan dafa ganyen zazzaɓi da jan ƙaiƙayi da faffaɗan ganyen bakin hanya a cikin man shanu, ta tsoma wuƙarta a ciki, ta ɗora a wurin, ta yi waƙa a kunnen mutum da cikin bakinsa tana korar abin ya koma wa masu shi. Da yawa sun tashi. Shanu ma haka take musu. Firist ɗinmu, wato limamin cocinmu, Eanmund, yakan yi gunaguni a kan waƙoƙin, amma yana barinta ta ajiye ganyayenta a ƙarƙashin bagaden coci a yi addu'a a kansu, ita kuma takan ƙare kowace waƙa da sunan Almasihu. A haka suka zauna lafiya.

A mashigin kogi akwai mai fito, Hunlaf. Baƙo ne, daga arewa ya zo da matarsa Eafe, ba shi da dangi a cikinmu. Dogo ne marar yawan magana, sai dai in ka shiga kwalekwalensa da tsoro ya riƙa jijjiga shi da gangan yana dariya. Wata shekara da kogi ya cika, Eafe ta zame a bakin ruwa tana wanki, ba a ma ga gawarta ba. Bayan makoki ya zo wurin Dunne. Ina tsakar gidana ina jinsu.

"Yaya Dunne, ba ta da kabari. Ba inda zan je in tsaya. Ki nuna min yadda ake rubuta sunanta."

Dunne ta tsuguna ta zana masa haruffan da tsinke a kan laka, ta sa shi ya yi ta kwaikwaya har hannunsa ya faɗa. Ya je ya sassaƙa su a jikin wani turke, ya kafa a mashigi inda ta faɗa, ya ɗaure masa 'yar igiyar da Eafe take ɗaure gashinta da ita. Turken ya yi shekara da shekaru a wurin, ciyawa ta rufe shi, ba mai kula shi sai shi.

To, mai kula da ƙasar ubangidanmu a Fenhal sunansa Ordgar. Shi ke raba gonaki, shi ke cewa wane ya zauna wane ya tashi. Ba azzalumi ba ne can, amma yana da zafin zuciya, kuma yana son matarsa Cwenhild so na fitar hankali. Bayan girbi ciwo ya kama ta a gefen ciki, aka kira Dunne.

Daga baya ta gaya min cewa tun ranar farko da ta ɗora hannu ta ji shi: wani ƙullutu mai tauri kamar dutse a ƙarƙashin haƙarƙari. Ta taɓa jin irinsa a jikin kakarta, ta san ba ganye ko waƙar da ke narkar da shi. Amma ɗakin cike yake da mutane, Ordgar ya tsura mata ido, Cwenhild ta riƙe mata hannu. Sai ta ji bakinta ya ce, "Harbi ne, ranka ya daɗe. Kafin wata ya sake tsayawa za ka gan ta tana kaɗi a ƙofar nan."

Wata ya tsaya ya faɗi, wani ya tsaya. Cwenhild ta rame, idanunta suka yi ɗorawa, ko romo ba ya zama a cikinta. Wata safiya Ordgar ya tare Dunne a ƙofar gidansa gaban barorinsa.

"Ke tsohuwa, wasa kike da ni? Man shanun gidana ya ƙare a tukunyarki. Ko dai ba ki iya ba, ko kuma ba ki so ta tashi. Ɗakin da kike ciki da 'yar gonarki ta wake, kin san a kan ƙasar wa suke."

Ta ce min nan take ta tuna halin da take ciki. Ba ta da miji, ba ta da ɗa, sanyi yana tafe. Sai ta ce, "Maganina yana cin harbin aljani, ranka ya daɗe. Amma in hannun ɗan Adam ne a ciki, sai an cire hannun tukuna."

Ba ta ambaci sunan kowa ba, ba ta ma da kowa a ranta. Lokaci kawai take nema. Amma kafin azahar maganar ta zaga ƙauye, kowa ya shiga tuno abin da ya taɓa gani. Aka tuna Cwenhild ta ƙetare kogi zuwa kasuwa gab da ta kwanta. Aka tuna Ordgar ya taɓa ƙwace wa Hunlaf wurin da yake kafa tarkon kifi, har suka yi cacar baki. Barori suka je mashigi suka bi ciyawa suna dubawa, suka tono turke mai rubutu da igiyar gashin mace a ɗaure.

Aka yi zaman shari'a a ƙarƙashin babbar bishiyar da ke kan tudu, mutanen ƙauyuka uku suka hallara. Aka miƙa wa Eanmund turken, ya juya shi ya ce shi rubutun littafi ya koya, wannan bai san shi ba. Hunlaf yana tsaye hankalinsa kwance, har da ɗan murmushi.

"Sunan matata ne, jama'a. Eafe. Igiyar ma tata ce. Ga Yaya Dunne nan, ita ta zana min a laka na kwaikwaya. Ku tambaye ta mana."

Duk aka juya aka dube ta. Ni a ranar ina gida ina jinyar mijina, surukata ce ta ba ni labari. Ordgar ya ce, "Au, ke kika koya masa? To ashe ku biyu ne." Aka sa mata turken a hannu. Ta daɗe tana kallonsa.

"Idona ya yi rauni," in ji ta. "Ban iya rabe su ba."

"Yaya Dunne," Hunlaf ya ce, "a ƙofar ɗakinki ne fa. Har kika ce hannuna kamar na mai faskare."

"Ban tuna ba."

Da na ji, na tafi wurin Ordgar na ce ni na ji lokacin da ta zana masa. Ya ce ta bayan shinge na ji ko da ido na gani, kuma na iya karanta abin da ke jikin turken? Na ce a'a. Ya ce to in koma kan tukunyar giyata.

Mutumin da ke da dangi yakan kawo su su taya shi rantsuwa ya fita. Hunlaf ba shi da ko ɗaya, saboda haka aka yanke masa shari'ar ƙarfe. Ya yi azumi, aka shigar da shi coci, aka gasa ƙarfe har ya yi ja, ya ɗauka da hannun dama ya kai inda aka ja layi. Bai yi ihu ba, amma warin ya fito har waje. Eanmund ya naɗe hannun ya like ɗaurin da kakin zuma, ba mai izinin taɓawa sai ranar kwancewa. In ciwon ya fito da tsabta, Allah ya wanke shi. In ya ruɓe, shi ke nan.

A kwanakin nan Dunne ba ta ci abinci ba. Ta haɗa maganin ƙuna mafi kyau da ta sani, ta zuba a 'yar tukunya, ta je bakin rumbun da aka kulle shi ta yi ta zagaye. Mai gadi ya ce, "Inna, in kika matso kusa da hannun nan, naki za a gasa gobe." Ta dawo da tukunyarta.

Hannun ya ruɓe. Da yake Cwenhild tana da sauran numfashi ba a rataye shi ba. Aka ƙwace kwalekwalen fito da ɗakinsa, aka ƙone turken, aka ce duk wanda ya gan shi a ƙasar Fenhal yana iya kashe shi ba diyya. Ya shiga fadama, zuwa wani ɗan tsibiri inda masunta kan yi bukka.

Cwenhild ta rasu da farkon sanyi. Dunne ce ta yi mata wanka, ƙullutun ya kai girman kan jariri. Ordgar ya ce an makara ne wajen cire sammun, har ya aika wa Dunne da ragon godiya saboda ita ta gano. Ragon ya kwana a ɗaure a ƙofarta yana kuka, da safe ta kwance shi ta kora shi garken gwauruwar da ke ƙarshen ƙauye.

Ba ta jira mutuwar Cwenhild ba kafin ta bi Hunlaf. Washegarin korarsa ta leƙo ta kan shinge.

"Lulle, kin iya tuƙi?"

"Na fi ki dai."

"To ari kwalekwalen mijinki. In kin ƙi, zan shiga ruwan da ƙafa."

Muka same shi kwance a bukka, zazzaɓi yana kaɗa shi, hannun ya kumbura har gwiwa. Da ya gan ta ya juya fuska ga bango.

"Idonki ya warke ke nan, har kin gane hanya?"

"Miƙo hannun."

"Ki tafi. Ban tuna ki ba."

"Ka zage ni yadda kake so, Hunlaf, ka tsine min, na cancanta. Amma in ban yanke yatsun nan yau ba, jibi ba ka duniya."

Can ya miƙo hannun ba tare da ya juyo ba. Na ɗura masa giya, na zauna a kan kafaɗarsa, ta yanke yatsu uku, ta wanke wurin, ta cika shi da zuma da dakakkiyar tafarnuwa. Sai da muka shiga kwalekwale za mu dawo ta sunkuya ta yi ta amai a ruwa.

Ya rayu. Daga nan ta koyi tuƙi da kanta, kuma ba ta fasa zuwa ba, rani da sanyi. Takan kai masa gurasar sha'ir da wake da cuku, wani lokaci ɗan naman alade in an biya ta da shi. In ruwa ya daskare sai ta ɗaura ƙashin shanu a tafin takalmi ta bi kan ƙanƙara, tsohuwa da ita. Yakan karɓi abincin, don yunwa ba ta barin mutum ya yi fushi yadda yake so, amma ya yi shekaru bai ce mata uffan ba. Ta ajiye, ta duba hannun, ta share bukkar, ta dawo.

A ƙauye kuwa ta zama wata daban. Ta daina barkwanci, ta daina waƙa a kan majinyata. Ganye kawai take bayarwa da ɗauri. Kuma in ta taɓa mutum ta ji ba mai tashi ba ne, sai ta faɗa ƙiri-ƙiri. Na ji ta da kunnena tana ce wa Dudda, wanda dā take tsokana, "Ka kira 'ya'yanka ka raba musu abin da za ka raba, ba za ka ga shukar bana ba." Matarsa ta jefe ta da ludayi. Mutane suka fara cewa bakinta ya yi ɗaci, maganinta ya rasa ƙarfi tun da ta bar waƙa, suka koma ƙetare kogi wurin wata mai magani. Na ce mata, "Haba Dunne, ko ɗan sassauta musu mana. Mai mutuwa ma yana son a rarrashe shi."

"Na taɓa rarrashin wata," in ji ta. "Je ki tsibiri ki ga abin da ya haifar."

Ta je wurin Eanmund ta faɗa masa komai. Ya sa mata azumin gurasa da ruwa, ta yi har ta ninka. Amma da ta ce tana so ta faɗa a gaban jama'a, ya riƙe kai.

"'Yata, a cocina aka gasa ƙarfen nan, ni na yi addu'a a kansa. In kika ce mutumin ba shi da laifi, me kika ce game da hukuncin Allah? Me kuma kika ce game da ni?"

Ta ce min shi ma daga ranar bai ƙara haɗa ido da ita ba, kuma sau da yawa takan tarar da ƙunshin gishiri ko tsohon bargo a cikin kwalekwalenta, ba ta san wanda ya ajiye ba, ko da yake ta san bargon.

Sai bayan mutuwar Ordgar ta samu ƙarfin hali. A zaman shari'a na gaba ta dogara sanda ta hau tudun, ta tsaya ta ce turken sunan Eafe ne, ita ta zana, ta karanta shi sarai a ranar, ƙarya ta yi. Ta ce ciwon Cwenhild ciwon jiki ne, ta sani tun farko. Na yi zaton za a jefe ta. Ba abin da ya faru. Waɗanda suka tono turken suna nan a zaune da furfurarsu, wanda ya gaji aikin fito ma yana nan. Kowa ya sunkuyar da kai. Sabon wakilin da ya gaji Ordgar ya ce, "Inna, tsufa ne, je ki huta," aka kira masu rigimar iyakar gona. Da ta matsa, ya ce to ba wanda zai taɓa mutumin in ya dawo, amma ba a tone hukuncin da aka yi a coci.

Ta tuƙa ta kai wa Hunlaf labari, ni ma na bi ta. Yana zaune yana gyaran komar kamun kifi da haƙori da ragowar yatsunsa. Ya saurara har ta gama.

"Yanzu ne?" ya ce.

"Yanzu ne. Na makara, na sani."

"In dawo in yi me? In zauna ina kallon wani yana tuƙa jirgina?" Ya ja zare ya ɗaure. "Kin san abin da ya fi ƙarfen zafi? Da suka ƙone turken. Shi kaɗai nake da shi."

Ta ce za ta sassaƙa masa wani da hannunta. Ya ce a'a, ba ya son sunan matarsa ya sake bi ta hannunta. Sannan ya ce waken da ta kawo wancan karon duk ƙwari ne, ta riƙa dubawa. Daga ranar yakan yi mata magana jefi-jefi, a kan ruwa da kifi da ciwon baya. Yafewa kuwa bai taɓa furtawa ba, ita ma ba ta taɓa roƙa ba. Ta ce min ba ta da bakin roƙon.

Ya mutu a wata bazara. Ita ta tarar da shi, ita ta wanke shi, 'ya'yana maza suka haƙa masa kabari a tsibirin.

Da kaka ta zagayo wata mata ta zo daga arewa tare da fataken gishiri, tana tambayar wani mai fito da ake kira Hunlaf. Ɗiyar ƙanwarsa ce. Uwarta kafin ta mutu ta sa ta yi alkawarin nemo shi. Mutane suka yi ta kame-kame, wani ya ce zazzaɓi ne, wani ya ce ai ya daɗe da ƙaura. Dunne ta aika aka kira ta. Ta shimfiɗa mata fatar tunkiya, ta ajiye mata madara, ta zauna a ƙasa ta faɗa mata komai daga farko har ƙarshe, ba ta rage wa kanta ko kalma ɗaya ba.

Matar ta saurara hannuwanta a kan cinya. Da aka gama ta ce, "Ya sha wuya wajen mutuwa?"

"A'a. A zaune na same shi, ya jingina da bukka."

"Ya bar wani abu?"

Dunne ta shiga ta fito da koma da tukunyar ƙarfe da wuƙa. Matar ta naɗe su a mayafinta ta miƙe. Ta dubi Dunne, sai ta juya gare ni ta ce, "Inna, ke za ki kai ni in ga kabarin. Ita ta zauna." Madarar tana nan ba ta taɓa ta ba.

Da na dawo da yamma na tarar da Dunne a gonarta tana cire busassun karan wake. Ta tambaye ni ko matar ta yi kuka, na ce ta yi. Ta ce, "To madalla, ya samu nasa." Ba ta kai ƙarshen sanyin shekarar ba. Tari ne ya kama ta, ta gaya min da kanta cewa ba za ta tashi ba, ta ce in kwashe kajinta in haɗa da nawa tun kafin dila ya riga ni.